Thomas Chalmers, Faston Da Ya Raba Birni Unguwa Unguwa

Kafin a shiga wannan labari, ya kamata jama'a su karanta Ayyukan Manzanni 6:1-7 da 1 Timoti 5:3-16 tare. A wuri na fari mun ga yadda gunaguni ya tashi cikin ikilisiyar Urushalima, gama ana manta da waɗansu gwauraye wajen rabon abinci na yau da kullum, har manzanni suka sa aka zaɓi mutum bakwai su tsaya a kan wannan hidima. A wuri na biyu Bulus yana koya wa Timoti yadda zai bambanta gwauruwar da ke da 'ya'ya ko jikoki da wadda ba ta da kowa. Tun daga zamanin nan har yau, ko wace ikilisiya da ke karɓar baiko domin matalauta tana da tambaya guda a gabanta: wa za a taimaka, da me, kuma ta hannun wa? Mutumin da za mu ba da labarinsa ya kashe yawancin shekarunsa yana neman amsarta, ya kuwa gwada amsar tasa a aikace cikin unguwannin matalauta na manyan birane biyu.

Ƙuruciyarsa

An haifi Thomas Chalmers ran 17 ga Maris, 1780, a Anstruther, wani ƙaramin gari na masunta a bakin teku cikin ƙasar Sikotlan, arewa da Ingila. Ubansa ɗan kasuwa ne mai tsoron Allah, shi ne kuwa na shida cikin 'ya'ya 14. Bai cika shekara 12 ba aka kai shi jami'ar St Andrews, inda lissafi ya shiga ransa ƙwarai. Yana da shekara 19 aka ba shi izinin yin wa'azi, a 1803 kuma aka naɗa shi faston Kilmany, wani ƙauyen manoma da ba shi da nisa da jami'ar.

Amma zuciyarsa ba ta wurin garken. Abin da ya ke so shi ne ya zama babban malamin lissafi, saboda haka ya kan bar ƙauyen tun farkon mako ya tafi St Andrews koyarwa, ba ya komowa sai Lahadi ta matso. A 1805 har ya buga wata 'yar takarda inda ya nuna cewa fasto yana iya gama aikinsa sarai, ya kuma sami kwana biyar ko wane mako domin neman ilmin da ya ga dama. Wa'azinsa a lokacin bai wuce gargaɗi a kan gaskiya da riƙon amana da barin sata ba.

Juyowarsa

Sai Ubangiji ya ziyarci gidansu da baƙin ciki. Ɗan'uwansa George ya rasu a 1806, 'yar'uwarsa Barbara ta bi shi a 1808, dukansu biyu da tarin fuka. A 1809 shi kansa ya kwanta ciwo mai tsanani, ya yi watanni bai fita ɗaki ba, har ya zaci tasa ta ƙare. Cikin jiyya ya soma auna kwanakinsa. A ƙarshen 1810 ya karanta wani littafi na William Wilberforce, mutumin nan da ya yi fama a majalisar Ingila domin a hana cinikin bayi. Ta wurin littafin ya gane cewa ƙoƙarinsa na zama mutumin kirki ba zai kuɓutar da shi ba, sai dai ya dogara ga Kristi kaɗai.

Mutanen Kilmany suka ga fastonsu ya sake. Ya shiga bin gidaje, yana zama da marasa lafiya, yana karanta Littafi Mai Tsarki tare da iyali iyali. Ya kafa ƙungiya a ƙauyen inda ko wane mutum ya ke ba da kwabo ɗaya a mako domin yaɗa Littafi Mai Tsarki, daga nan ne kuwa ya fara lura da irin abin da kwabon talakawa ke iya yi idan an tara shi a kai a kai. A 1812 ya auri Grace Pratt, Allah ya ba su 'ya'ya mata shida. Sa'ad da zai bar ƙauyen a 1815, ya shaida wa jama'arsa a rubuce cewa dukan shekarun da ya yi yana yi musu gargaɗin halin kirki bai ga wanda ya sake hali ba, sai da ya fara wa'azin sulhu da Allah ta wurin Kristi. Bayan shekaru da yawa kuma, da wani ya tuna masa da takardar nan ta 1805 a gaban babban taron ikilisiya, ya miƙe ya amsa laifinsa, ya bayyana cewa duk da lissafinsa ya manta da auna abu biyu, watau gajartar wannan rai da tsawon madawwamin zamani.

Birnin Gilasgo

A 1815 aka kira shi zuwa majami'ar Tron cikin birnin Gilasgo. A zamanin nan birnin yana cika da baƙi daga ƙauyuka da kuma ƙasar Ailan, masu neman aiki a masaƙu. Iyali guda su kan cunkushe a ɗaki ɗaya cikin lunguna masu duhu, idan ciniki ya faɗi kuwa sai dubban masaƙa su wayi gari ba aiki. Sunan Chalmers ya fita nan da nan saboda iya wa'azi. Waɗansu wa'azai da ya yi ran Alhamis a kan taurari da bangaskiyar Kirista, da aka buga su a 1817, an sayar da wajen kofi 20,000 cikin shekara guda.

Duk da haka hankalinsa bai kwanta ba. Ya lura masu cika majami'ar attajirai ne daga ko ina cikin birni, waɗanda ke iya biyan kuɗin kujera, gama a lokacin haya a ke biya domin wurin zama a majami'a. Talakawan da ke zaune a gindin ginin kuwa ba su shiga. Sai ya ɗauki dattijon ikilisiya guda, suka shiga bin lunguna ƙofa ƙofa, suna hawa benaye suna gaisuwa suna tambayar lafiyar gida. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa ta ke, shi ma abin da ya gano ke nan. Ya ga makarantar Lahadi da a ke buɗe wa kowa da kowa ba ta jawo sai 'ya'yan masu zuwa sujada. Saboda haka ya sake tsari: ya ba ko wane malami lungu ɗaya, ya tattara yaran lungun kaɗai, ya san iyayensu, ya bi sawun wanda bai zo ba.

Ikilisiyar Yohanna

A 1819 majalisar birni ta yanke wani sabon yanki a gabashin Gilasgo, aka gina masa majami'a da sunan Yohanna, aka ba Chalmers. Mutanen yankin sun kai 10,000, wajen iyali 2,000, yawancinsu masaƙa da 'yan ƙwadago. Iyali fiye da 800 a cikinsu ba su da wata ikilisiya ko kaɗan.

Kafin zuwansa, taimakon matalauta a birnin yana fitowa ne daga asusai na gari duka, waɗanda a ke cika su da baikon majami'u da kuma haraji. Masu rabo ba su san masu karɓa ba. Chalmers ya roƙi hukuma ta bar masa matalautan yankinsa, shi kuwa ba zai aika da ko mutum ɗaya sabo zuwa asusun haraji ba, baikon ƙofar majami'a zai ishe shi. Aka yarda masa.

Ga yadda ya tsara aikin. Ya raba yankin kashi 25, ko wane kashi yana da iyali 60 zuwa 100. A kan ko wane kashi ya sa dattijo guda domin kiwon rayuka, da dikin guda, watau mai hidima, domin bukatun jiki. Muƙamin dikin ya kusa mutuwa a ikilisiyoyin ƙasar a lokacin, shi ne ya farfaɗo da shi a yankinsa. Ba a biyan dikinonin ko kwabo. Aikinsu shi ne su san ko wane gida na kashinsu tun kafin wata bukata ta taso.

Idan mutum ya zo neman taimako, dikin ya kan fara da duba ko akwai aikin da zai iya yi, in akwai ya nema masa. Sa'an nan ya duba abin da ke shiga gidan da yadda a ke kashe shi. Daga nan ya je wurin dangi ya tuna musu da hakkinsu, ya kuma ji ko maƙwabta ko wani mai hali za su sa hannu a ɓoye. Sai waɗannan duka sun kasa a ke kai maganar gaban taron dikinoni a buɗe asusu. Chalmers ya kan kwatanta wannan da maɓuɓɓuga huɗu waɗanda Allah ya riga ya sa cikin jama'a: ƙoƙarin mutum da tattalinsa, alherin dangi, tausayin mawadata, da taimakon da talaka ke yi wa ɗan'uwansa talaka. A ganinsa ta ƙarshen nan ta fi sauran yawan ruwa, ko da ya ke ba mai rubuta ta a littafi. Tsoronsa shi ne kada asusu mai sauƙin buɗewa ya toshe su, har ɗa ya ce ai ikilisiya za ta ciyar da uwarsa.

Ana yin sujada da rana da kuma maraice ran Lahadi. Ta rana attajiran birni ke cika ta, baikonsu wajen fam 400 a shekara. Ta maraice kuwa ta mutanen unguwa ce, baikonsu wajen fam 80. Chalmers ya sa sababbin masu neman taimako a kan ƙaramin baikon nan na maraice, domin kowa ya sani kwabon maƙwabcinsa ne ya ke karɓa. Babban baikon ya tafi ga tsofaffin da aka gada a littafin taimako, rarar kuma aka juya ta wajen makaranta.

Makarantun nan su ne abin da ya fi ba ƙarfi. Aka gina gidajen makaranta biyu da malamai huɗu, yara wajen 700 suna koyon karatu da rubutu da lissafi. Bai yarda a yi karatun kyauta ba, bai kuma yarda kuɗin ya fi ƙarfin masaƙi ba. Kowa yana biyan kaɗan daidai da na kowa, ɗan mai kanti da ɗan lebura a benci ɗaya. Ban da su akwai makarantun Lahadi fiye da 40 cikin lunguna, da yara fiye da 1,000. Shi kansa ya kan bi gidajen bi da bi, da maraice kuma ya tara mutanen da ya ziyarta a wani ɗaki ya yi musu wa'azi.

Cikin shekara huɗu, kuɗin da a ke kashewa a kan matalautan yankin ya sauko daga wajen fam 1,400 a shekara zuwa fam 280, mutum 20 kaɗai aka ƙara a littafin taimako.

Inda tsarin ya gaza

Ba za mu ɓoye wa masu karatu cewa aikin ya sha suka ba, wata sukar kuwa tana da gaskiya. Waɗansu sun ce binciken dikinoni ya yi tsanani, har masu bukata na ainihi suka gwammace su yi shiru da yunwarsu da a tone asirin gidansu. Raguwar masu roƙo ba ita ce shaidar raguwar masu wahala ba. Waɗansu kuma sun nuna cewa tsarin ya jingina ga baikon attajiran da sunan Chalmers ya jawo. Ya bar Gilasgo a 1823, magadansa suka riƙe tsarin har 1837, sa'an nan aka bar shi, gama mutanen yankin suna ta biyan harajin gari ba su kuwa cin moriyarsa, asusun kuma ya shiga bashi.

A 1840 wani babban likita na Edinbara, William Alison, ya buga littafi yana nuna cewa zazzaɓin da ke kashe mutane cikin lunguna yana tafiya tare da yunwa da rashin aiki, sadakar son rai kuwa ba ta isa ta tare shi ba. Masaƙin da injin ya ƙwace wa sana'a ba raggo ba ne, danginsa da maƙwabtansa ma duk halinsu ɗaya. A 1845 majalisar ƙasa ta kafa sabuwar dokar taimakon matalauta a Sikotlan, wadda ta buɗe hanyar haraji. Chalmers bai so haka ba. Amma tun da fari ya yarda a kula da makafi da masu taɓin hankali da marasa lafiya da kuɗin hukuma, da yunwa ta faɗa wa tsaunukan arewacin ƙasar a 1846 saboda lalacewar dankali kuwa, ikilisiyarsa tana cikin na farko da suka tara kuɗi suka aika da gari a jirgin ruwa.

Shekarunsa na baya

Daga Gilasgo ya koma St Andrews yana koyarwa. Cikin almajiransa akwai Alexander Duff, wanda ya isa Indiya da bishara a 1830. A 1828 aka ba shi kujerar koyar da tauhidi a jami'ar Edinbara. Daga 1834 ya shugabanci aikin ƙara majami'u a unguwannin da ba su da su, cikin shekara bakwai aka gina fiye da 200 da kuɗin da jama'a suka bayar.

A zamanin nan wata babbar gardama ta taso. Bisa doka, mai ƙasa ne ke zaɓa wa ikilisiyar ƙauye fasto, ko jama'a suna so ko ba su so. Da ikilisiya ta ce ba za a ɗora wa jama'a wanda suka ƙi ba, sai kotunan ƙasa suka goyi bayan masu ƙasa. Ran 18 ga Mayu, 1843, aka fita daga babban taro a Edinbara, fastoci fiye da 450 suka bar albashinsu da gidajensu da majami'unsu, suka kafa 'Yantacciyar Ikilisiyar Sikotlan, suka zaɓi Chalmers shugaban taronsu na fari. Abin da ya koya a Kilmany shi ya riƙe su. Ya shirya asusu guda wanda masu tarawa ke bin gidaje suna karɓar kwabo kwabo, a kan raba shi daidai wa daida tsakanin fastoci, domin ikilisiyar birni mai ƙarfi ta ɗauki ta ƙauye marar ƙarfi.

Yana da shekara 64, ga girma ga gajiya, sai ya sake komawa lungu. A 1844 ya zaɓi West Port, wata unguwa ta Edinbara mai mutum wajen 2,000, wadda ta yi ƙaurin suna saboda kisan kai da aka yi ta yi a cikinta a 1828. Kashi uku cikin huɗu na iyalanta ba su zuwa ko wace majami'a. Ya raba ta kashi 20, ko wane mai ziyara da gida wajen 20, ya kan je sau ɗaya a mako. A watan Nuwamba aka buɗe makaranta a saman wata tsohuwar majema, iyaye suna biyan kwabo biyu a mako. Daga baya aka ƙara wurin wanki, da ɗakin littattafai, da asusun ajiya, da ajin ɗinki domin 'yan mata. Wani mai bishara, William Tasker, ya ɗauki kiwon jama'ar. A Fabrairu 1847 aka buɗe majami'arsu, a Afrilu kuma Chalmers ya ba da Jibin Ubangiji ga mutum 132, wajen 100 daga cikinsu 'yan unguwar ne.

Da safiyar 31 ga Mayu, 1847, aka tarar ya rasu a kan gadonsa a gidansa na Edinbara, takardun da ya shirya domin babban taron ranar suna ajiye kusa da shi.

Abin da za mu koya

Na fari, aikin jinƙai na Chalmers ya biyo bayan tubarsa. Sa'ad da ya ke ganin kwana biyu sun isa aikin Allah, bai san ƙofar kowa ba. A duba Yakubu 2:14-17.

Na biyu, ikilisiya ba ta iya taimakon wanda ba ta sani ba. Mutum 10,000 sun fi ƙarfin fasto ɗaya, amma gida 20 ba su fi ƙarfin mai bi ɗaya ba. Yawancin ikilisiyoyinmu suna da dattawa da dikinoni da zumuntar mata da matasa, abin da ya rage shi ne a raba musu gidaje da suna, na masu bi da na waɗanda ba masu bi ba, gama Chalmers ya ɗauki dukan mazaunan yankinsa a kan nawayarsa.

Na uku, taimakon ikilisiya bai kamata ya sauke wa dangi hakkinsu ba, ko ya kashe zuciyar mai iya aiki. Bulus ya koyar da haka cikin 2 Tasalonikawa 3:6-13, amma a wurin nan kuma ya gargaɗe su kada su gaji da yin nagarta. Cikin Galatiyawa 6:2-5 ya haɗa abu biyu, ɗaukar nauyin juna da ɗaukar kayan kai.

Na huɗu, bincike yana bukatar tausayi da rufin asiri. Dikin da ke fahariya da cewa asusu bai ragu ba, ya kamata ya tambayi kansa ko akwai gwauruwar da ta kwana da yunwa domin tana jin kunyar zuwa wurinsa. Akwai kuma masifar da ta fi ƙarfin unguwa guda, kamar fari ko annoba. A irin wannan lokaci sai ikilisiyoyi su haɗa hannu, yadda ta Antakiya ta aika wa 'yan'uwa na Yahudiya da gudummawa cikin Ayyukan Manzanni 11:27-30, su kuma yi aiki tare da hukuma.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wane irin hali manzanni suka ce a nema ga mutum bakwai ɗin nan? Don me rabon abinci ya bukaci irin wannan hali?
2. Bisa 1 Timoti 5, wa ke da hakkin fari na kula da gwauruwa? Yaushe nauyin ya ke komowa kan ikilisiya?
3. Me ya sa Chalmers ya sa iyaye su biya ɗan kuɗin makaranta? Kun yarda da shi?
4. Gida nawa ke kewaye da majami'arku? A cikinsu nawa ne wani daga ikilisiya ya taka ƙofarsu cikin wannan shekara?
5. Ta yaya dikin zai san gaskiyar bukatar mutum ba tare da ya kunyata shi ba?

A rufe da addu'a domin dattawa da dikinoni na ikilisiyarku, a ambaci ko wannensu da sunansa, a kuma roƙi Ubangiji ya nuna wa ko wane ɗan ƙungiya gida ɗaya da zai ziyarta kafin taro mai zuwa.